Duban Dutse Kafin Hawansa: Daga Tsaunukan Ƙanƙara Zuwa Duwatsun Makka

Jawabin kimiyya na wannan mako a kan hawan dutse ne, da irin binciken da ya wajaba mutum ya yi tun yana ƙasa, kafin ya ɗaga ƙafarsa.

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Makka ya ga yadda duwatsu suka kewaye ta, garin kuwa yana zaune a tsakiyarsu kamar tuwo a cikin akushi. Biyu daga cikin duwatsun nan su ne suka fi jan hankalin baƙi. Na farko shi ne Jabalun Nur, a arewa maso gabas da Harami, inda Kogon Hira yake, wurin da aka fara saukar da wahayi ga Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na biyu shi ne Dutsen Saur, a kudancin gari, inda ya ɓuya kwana uku tare da Sayyidina Abubakar a kan hanyarsu ta yin hijira a shekarar 622. Malamai sun sha bayyana cewa hawan waɗannan duwatsu ba ya cikin ayyukan Hajji ko na Umra. Amma shauƙi ba ya jin kira. Kowace rana sai a ga mutane jere bisa matakalar Jabalun Nur kamar jerin tururuwa, cikinsu har da dattawa daga Kano da Sakkwato da Damagaram, wani da takalmin silifa, wani ko gorar ruwa babu a hannunsa.

Tsawon Jabalun Nur kamar mita 640 ne daga bakin teku, watau ƙafa 2,100. Ga mutanen da suka saba hawan manyan tsaunukan duniya, wannan tudu ne kurum. To, amma akwai wani ilmi da waɗannan mutane suka tara cikin wahala da hasarar rayuka, wanda zai amfani mai hawan wannan tudu, ko da yake su abin da suke tsoro sanyi ne, shi kuwa zafi.

Da fari, me ya hana dusar ƙanƙara sauka a duwatsun Makka? Iska tana ƙara sanyi ne gwargwadon yadda aka yi sama, kusan digiri 6 da rabi na ma'aunin Santigired a kowace mita 1,000. Makka tana mita 277 ne bisa teku, kuma ko a watan Janairu, lokacin da ta fi sanyi, zafin rana yakan kai digiri 30. In aka yi lissafi, sai mutum ya hau fiye da mita 4,000 a irin wannan rana kafin ya isa inda ruwa ke daskarewa, kuma babu dutse mai wannan tsawo a duk tsibirin Larabawa. Birnin Ɗa'if, wanda ke gabas da Makka a kan tsaunukan Sarawat, yana wajen mita 1,880, shi ya sa ya fi Makka sanyi da kamar digiri 10, har mutanen Makka suka maishe shi wurin shan iska tun zamanin da. A can akan yi hazo mai kauri, a yi ruwa da ƙanƙara irin wadda mutanen Jos suka sani, amma mai son ganin dusar ƙanƙara sosai a Saudiyya sai ya nausa arewa mai nisa, zuwa Jabalul Lauz a lardin Tabuka, dutse mai mita 2,580, wanda yakan yi fari fat a wasu ranaku na hunturu. Wannan lissafi yana da wata fa'ida kuma: ƙwanƙolin Jabalun Nur bai fi mita 400 bisa garin ba, saboda haka wanda ya hau yana tsammanin zai tarad da sanyi a sama, rangwamen da zai samu bai wuce digiri 2 ko 3 ba.

Yanzu sai a dubi ƙasashen da ƙanƙara ke mulki. A tsaunukan Alfis na Turai, waɗanda suka ratsa Suwizalan da Ostiriya da Faransa da Italiya, babban abin tsoro shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara, watau ta ɓalle daga jikin tsauni ta gangaro gaba ɗaya, ta binne duk abin da ta tarar. A hunturun 1950 zuwa 1951 ta kashe mutum fiye da 260 a wannan yanki, 98 daga cikinsu a Suwizalan. A watan Fabrairu na 1999 ta afka wa ƙauyen Galtur na Ostiriya, mutum 31 suka halaka. Har wa yau, a kowace shekara akan rasa kimanin mutum 100 a tsaunukan Alfis ta wannan hanya. Tun 1936 masana suka kafa wurin bincike a kan wani tsauni da ke bisa garin Dabos na Suwizalan, ba su da aiki sai haƙa ƙanƙara da aunawa da rubutawa.

Abin da suka gano shi ne, dusar ƙanƙarar da ke kwance a jikin tsauni ba abu ɗaya ba ce. Hawa-hawa take, kamar tabarmi da aka shimfiɗa wata bisa wata. Kowane zubi da aka yi daga sama yana barin tasa shimfiɗa, kuma kowace shimfiɗa tana riƙe da halin ranar da ta sauka da na kwanakin da suka biyo baya. In aka yi dare mai tsananin sanyi da sarari garau, sai raɓa ta daskare a samanta ta zama kamar gashin tsuntsu. In kuwa shimfiɗar ba ta da kauri, ƙasa tana da ɗumi, iska tana da sanyi ƙwarai, sai tururi ya riƙa tasowa daga ƙasa yana ratsa ta, ya mai da ƙwayoyinta manya-manya masu kusurwa, waɗanda ba sa kama juna, sai ka ce sukari. Bayan mako biyu ko uku sabuwar ƙanƙara ta zubo ta rufe wannan, iska ta daddaɓe ta ta yi tauri. Mai wucewa zai ga fili fari sumul, mai kyan gani, mai daɗin takawa. Bai san faifai ne aka ɗora bisa tsabar gero a kan gangara ba. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya shimfiɗar da ke ƙasa, tsagewar ta ruga ta kowace fuska cikin ƙiftawar ido, faifan duka ya sulluɓe da shi, da gudun da yakan wuce kilomita 100 a awa. Abin mamaki, cikin kowane mutum goma da irin wannan haɗari ya rutsa da su, wajen tara su da kansu ne, ko wani abokin tafiyarsu, suka tayar da zaftarewar. Ba ta faɗo musu haka kawai ba, su suka taka ta.

Saboda haka mai hankali a can ba ya gamsuwa da kallon sama ya ce yau gari ya yi kyau. Yakan fara da karanta sanarwar hukuma tun da dare. Tun 1993 ƙasashen Turai suka yarda da ma'auni ɗaya mai daraja biyar, daga ta 1, watau haɗari kaɗan, zuwa ta 5, watau haɗari matuƙa. Wani zai zaci a daraja ta 5 aka fi mutuwa. Ba haka ba ne, gama ranar kowa yana ɗaki. Kusan rabin waɗanda suke halaka, a ranakun daraja ta 3 suke halaka, ranakun da haɗarin ya isa kisa amma bai isa ya tsorata mutum ba. Bayan sanarwa sai ya tambayi abin da ya faru a kwanakin baya: nawa aka zuba jiya da shekaranjiya, gama sabon zubi mai kaurin santimita 30 a yini ɗaya abin shakka ne, daga ina iska ta kaɗa, gama iska tana kwashe ƙanƙara daga fuskar da take bugu ta tara ta a bayan tsauni, kamar yadda iskar hunturu ke tara rairayi a bayan katanga, ko an yi ɗumi farat ɗaya bayan sanyi. Sa'an nan ya auna gangarar da zai bi, domin mafi yawan zaftarewa tana tashi ne daga gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45.

In ya isa wurin, wani lokaci sai ya fid da shebur ya haƙa rami mai zurfin mita ɗaya ko fiye, ya gyara bangonsa sumul, ya bi shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya yana danna su da dunƙulen hannu, da yatsu, da fensir, don ya ji wadda ta yi tauri da wadda take rugu-rugu. Sai ya yanke wani ginshiƙi daga bangon, ya ɗora bakin shebur a kansa, ya buga sau goma daga wuyan hannu, sau goma daga gwiwar hannu, sau goma daga kafaɗa. In ginshiƙin ya ɓalle tun a bugun farko-farko, ya rabu santal kamar an yanka da wuƙa, to, dutse ya ba da amsa. Haka kuma in yana tafiya ya ji ƙanƙara ta yi wani gumm a ƙarƙashinsa, ko ya ga tsaga ta ruga daga ƙafarsa, ba sauran shawara sai komawa. Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake. Ƙanƙarar da ta zaftare, da ta tsaya sai ta daskare kamar siminti, wanda ta binne ba ya iya motsa ko da yatsa. In aka tono shi cikin minti 15, tara cikin goma sukan rayu. In aka wuce rabin awa, da ƙyar uku cikin goma. Shi ya sa kowa yake rataye da 'yar na'ura mai aika sigina, da sandar tsokaci, da shebur, don abokan tafiya su ne kaɗai za su iya isa gare shi a kan lokaci.

To, ina ruwan alhaji da duk wannan? Ruwansa shi ne, dutsen Makka ma yana da ajiya, kuma ita ma ba a ganinta da ido. Tsaunin Turai yana ajiye sanyin makon jiya a cikin shimfiɗunsa, dutsen Makka kuwa yana ajiye zafin rana a cikin jikinsa.

Lambar da ake faɗi a rahoton yanayi, zafin iska ne a inuwa, an auna shi a cikin akwati mai huda-huda da aka ɗaga kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Mai hawan Jabalun Nur kuwa ba a inuwa yake ba. Rana tana dukansa daga sama, dutsen da ya sha rana tun hantsi yana gasa shi daga ƙasa da gefe, gama dutse a rana yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba, kuma ba ya huce da wuri, kamar dutsen murhu bayan an janye itace. Ga kuma wutar da ke cikin jikinsa. Cikin ƙarfin da tsoka ke ƙonawa wajen hawa, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai yake zama aiki, sauran duka zafi ne, kuma dole jiki ya fid da shi don ya tsaya a digiri 37. In iska ta fi fata zafi, hanya ɗaya ta rage masa, ita ce zufa. Yadda tulu yake sanyaya ruwa ta wurin tsatsafo da iska ke busarwa, haka zufa take sanyaya mutum. Amma tulun da ke tsatsafo yana raguwa. Mai hawa cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a awa guda, hawan kuwa yakan ci awa ɗaya zuwa biyu, ga jira a sama, domin kogon ƙarami ne, mutum kaɗan yake ɗauka, sai an bi layi ta wata matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu, sa'an nan ga saukowa. In ruwan jiki ya ƙare, zafinsa ya wuce digiri 40, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Mugun abin shi ne, gaɓar da za ta gaya wa mutum ya tsaya ita ce ta fara lalacewa, sai ya riƙa sambatu yana cewa lafiyarsa lau.

Wannan ba zato ba ne. A Hajjin 2024, ranar 17 ga Yuni, an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da inuwa ko wurin hutu ba. Waɗannan a kan hanya suke, ba hawan dutse suke yi ba. Ƙasar da ta hana leburori aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, tun daga tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba, ba wurin da dattijo mai ciwon sukari ko hawan jini zai kama matakala da azahar ba ne.

Ramin da mai hawan Jabalun Nur zai haƙa, watau gwajin da zai yi kafin tashi, mai sauƙi ne. Ya duba sanarwar Cibiyar Yanayi ta Ƙasa ta Saudiyya, wadda take ba da gargaɗi da launi, rawaya da ruwan lemo da ja. Ya tuna da darasin daraja ta 3: ranar da ake cewa da sauƙi ma abin tsoro ce. Ya dubi kwanakin baya na jikinsa kamar yadda Bature yake duban kwanakin baya na ƙanƙara: shin jiya ya yi ɗawafi da sa'ayi har tsakar dare, shin ya yi barci, shin zawo ya kama shi, shin fitsarinsa ya yi ja. Wanda ya iso daga ƙasa mai sanyi yana bukatar mako ɗaya ko biyu kafin jikinsa ya koyi yin zufa yadda ya kamata. Bahaushe da ya fito daga bazarar Sakkwato ya fi shi wannan, sai dai sabo da zafi ba sabo da matakala ba ne. Lokacin hawa kuwa, bayan asuba ya fi bayan magariba, domin da asuba ne dutse ya kwana yana hucewa. A sa takalmi mai kama ƙasa, a ɗauki ruwa lita biyu ko fiye, a riƙe jaka da kyau kuma, don birai suna nan a kan dutsen, sun san leda sarai.

Akwai wata ƙa'ida da masu hawan tsaunukan Himalaya suka saya da tsada, ita ce sa'ar juyawa. Tun a ƙasa ake yanke cewa in ƙarfe kaza ya yi ba a kai ba, a juyo, ko da ƙwanƙolin yana gaban ido. A watan Mayu na 1996, a tsaunin Eberest, wasu ayari suka wuce sa'ar da suka ɗiba wa kansu, guguwa ta riske su a kan hanyar saukowa, mutum 8 suka mutu. Dalilin yanke ta tun a ƙasa shi ne, wanda ya yi kusa da buri ba ya iya yi wa kansa hukunci na gaskiya, balle wanda ya tara kuɗi shekara da shekaru, yana ganin ba zai sake zuwa ba. Ga Jabalun Nur a lokacin zafi, sa'ar juyawa ita ce wadda za ta sa mutum ya kasance a ƙasa kafin hantsi ya yi ƙarfi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ko abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, kowannensu daidai yake da gumm ɗin nan na ƙanƙara. Sai a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a kira 911, lambar gaggawa ta yankin Makka.

Saura ajiya ta biyu, ita ce ruwa. Ruwan da ke sauka Makka a shekara kamar milimita 110 ne, na watan Agusta kaɗai a Kano ya ninka wannan. Amma yakan zo ne a zubi biyu ko uku masu ƙarfi, a kan duwatsu tsirara da ba su da ƙasa ko ciyawar da za ta sha shi, sai ya taru a kwaruruka ya doshi gari. Mutanen Agadas sun san wannan, yadda ƙorama busasshiya take cika da ruwan da aka yi can cikin duwatsun Abzin alhali su ko ɗigo ba su gani ba. Tarihin Makka cike yake da irin wannan ambaliya. A zamanin Halifa Umar ruwa ya shiga masallaci ya ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa, har Halifa ya sa aka gina tare. A shekara ta 1039 bayan Hijira ambaliya ta rushe bangayen Ka'aba, aka sake gina ta a zamanin Sarkin Musulmi na Turkiyya Murad na Huɗu. A 1941 ruwa ya cika Harami har aka ɗauki hoton masu ɗawafi da iyo. Ranar 11 ga Satumba 2015 kuwa hadari mai iska ya kayar da wani ƙaton injin ɗaga kaya a kan masallaci, mutum fiye da 100 suka rasu, har da alhazan Nijeriya.

Wanda irin wannan hadari ya riska a kan dutse yana cikin haɗari uku a lokaci ɗaya: matakala ta yi santsi, duwatsu suna gangarowa, shi kuma ya zama abu mafi tsawo a wurin da tsawa ke nema. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. In aka ga walƙiya aka ƙirga, aka ji ƙara kafin a kai 30, to hadarin bai fi kilomita 10 ba, kuma zai iso kafin mai tafiya da ƙafa ya sauka.

Wannan magana ta ruwa za ta ƙara nauyi nan gaba. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11, saboda haka lokacin Hajji yana zagaya dukan yanayin shekara cikin shekara 33. Hajjin 2024 ya faɗo a tsakiyar Yuni, na 2025 a farkonsa, kuma haka zai riƙa ja da baya har ya shiga hunturu bayan 2030. Zafi zai ragu wa alhazai, amma watannin Nuwamba da Disamba da Janairu su ne watannin ruwan Makka, kuma a cikinsu ne, ranar 25 ga Nuwamba 2009, ranar da aka fita Mina, ambaliya ta kashe mutum fiye da 100 a Jidda.